Wa zai goya shi zuwa dandali?

Yau shirin namu ya leƙa kudancin Katsina, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma maganar wasa ce ta kai mu. E, wasan yara.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san daren farin wata. An ci tuwo, an yi isha'i, dandali ya cika, 'yan mata na gaɗa, maza na langa. To, ku dubi langar nan da kyau: yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗayar, yana bangazar ɗan'uwansa. Wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu fa, ina wurinsa? Gefe, shi ne mai gadin takalma. Makauniya ta iya amshi, ta iya tafi, amma sai an sami mai jan hannunta zuwa wurin. Kurma kuwa gudu ba ya gagararsa, sai dai ba ya jin sa'ad da aka ce an fara, yara kuma ba su da haƙurin bayani.

Wannan fa tun ana zaman lafiya ke nan. Sai ga 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020 suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Waɗanda suka tsira a daren, katanga suka haura suka faɗa daji. Uwar da ke da gurgu a ɗaki ta ji labarin, ta yi nata lissafin: in harbi ya tashi yana waje, wa zai goya shi? Sai ta hana shi wuce zaure. Ni dai ban ga laifinta ba. A ƙauyukan da ke bakin daji ma dandalin dare ya yi sanyi ga kowa, amma mai ƙafa yakan rama da rana, a bakin rafi ko filin ƙwallo. Shi gurgun kuwa, in aka fitar da shi, sau da yawa bara aka kai shi ranar kasuwa.

Akwai doka, ba shakka. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka bai wa gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Sai dai dandali ba shi da matakala. Abin da ke tare keken guragu a nan yashi ne, da taɓon damina, da tayar da ta fashe aka rasa kuɗin faci.

Dabarar kuma ba a nesa take ba. A 1988 Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma shan inna ta taɓa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu: a zauna kan katako mai 'yan tayoyi, a buga ƙwallo da hannu. Kafintan unguwa zai iya haɗa katakon. Makaho kuma, a ɗaure ƙwallo cikin leda, kunnensa zai bi ƙararta. A makarantar kurame ta Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, yaro yakan tarar da tsararrakin da za su yi masa tsiya da maganar hannu, ya rama, a yi dariya. Hutu ne matsalarsa, in ya koma gidan da ba wanda ya iya maganar hannu.

Sannan ga dara, wadda kakanninmu suka bar mana. Ramuka ne a ƙasa, da tsakuwa, da 'yan karare. Ba ta tambayar ƙafa, kuma yatsa na iya laluben gurbi. A haƙa ta bayan la'asar a ƙofar gidan yaron, inda uwarsa ke jiyo muryarsa daga madafa, yaran unguwa su zo su same shi. Mu ɗan saurari kiɗa, za mu dawo.