Allurar da ake gudu da wadda ake nema

Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, za ka tarar da uwar da ke ɓoye ɗanta idan masu rigakafi sun shigo unguwa, amma da jikinsa ya yi zafi sai ta saɓe shi zuwa kemis ta ce: “Malam, a yi masa allura, ƙwaya ba ta jin sa.” Wannan abu yana damuna, domin tsoron ya sauka a inda bai dace ba.

Cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi ba gaskiya ba ne a yawancin cututtuka. Zazzaɓin cizon sauro da bai yi tsanani ba, ƙwaya ce maganinsa. Sai yaro ya fara suma, ko amai ya hana shi riƙe magani, sannan ake komawa ga allura, kuma wannan aikin asibiti ne irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Masu cewa allura na shanye ƙafar yaro kuwa suna da hujja. Akwai babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta gangara ƙafa. Idan wanda bai ƙware ba ya soke ta, yaro na iya tashi yana jan ƙafa. Shi ya sa ake yi wa jarirai a cinya.

Batun da ya fi haɗari shi ne wanda aka fi rainawa: wai idan an canja tsinin allurar, ba laifi a sake amfani da sirinjin. Ƙarya ne. Jinin da ido ba ya gani yana komawa cikin sirinji, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a wajen jiki da ranta. Ɗauraya da ruwan zafi ba ta wadatar. Lokacin da Alexander Wood na Edinbura da Charles Pravaz na Faransa suka fito da sirinji a 1853, abu ne da ake wankewa a sake amfani da shi, kuma haka aka daɗe ana yi. Masar ta ɗanɗana kuɗarta: daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi wa jama'a allurar tsargiya da sirinjin gilashi da ba a tsabtace sosai ba, ciwon hanta nau'in C ya bazu a ƙasar. Sirinjin roba kuwa, mai amfani sau ɗaya, Colin Murdoch na New Zealand ya yi rajistarsa a 1956.

Zargin rigakafi yana da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Wannan ya faru, amma gwajin magani ne, ba rigakafi ba. Zancen hana haihuwa da ya sa Kano ta dakatar da ɗigon shan inna a 2003 bai tabbata ba, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe maƙwabta.

Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka nemi a riƙa rigakafi da sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya. Na kemis ba lallai ya zama irinsa ba, don haka duk inda za a yi wa yaronki allura, ki ce a yage ledar sabuwar allura a gabanki, a kuma jefa tsohuwar cikin kwalin ajiye allura, kada ta ƙare a bola inda yara ke wasa.