Lofe: Suna Ake Saye Ko Aikin Hannu?

A kasuwar Guéné, kan hanyar da ta taso daga Kandi ta nufi Malanville da gadar Gaya, mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurari amonta kafin ya taya. Ya san ramin yumɓu ɗaya ne, hannun maginiya da gashi su ke raba mai ƙarko da mai tsagewa. Lofe, wato tukunyar taba, da yumɓun aka fara gina shi a ƙasashenmu bayan taba ta iso wajen shekarar 1600. A Turai kuwa lofen itace ya ture na ƙasa, kuma mashaya sun daɗe suna musu a kan ko lofen kamfanonin Dunhill da Peterson da Savinelli sun bambanta a baki, ko kuwa suna kawai ake biya. Sun bambanta, sai dai bambancin ba daga inda mai talla ke nunawa yake fitowa ba.

Itacen dai guda ne. Faransawa na ce masa buruyar, wani ɗan itacen daji ne da ke fitowa a gaɓar Bahar Rum, a Kosika da Italiya da Girka da Aljeriya. Ba reshensa ake so ba, sai wani dunƙule mai tauri da ke tsakanin saiwa da kara, wanda ke jure wuta. Akan yayyanka shi, a dafa shi awanni a ruwa don ɗacin ya fita, sannan a shanya shi wata da watanni, wani lokaci shekaru. Tun wajen 1850 garin Saint-Claude na Faransa ya zama cibiyar sassaƙa shi, har kamfanonin Ingila suka riƙa sayen kan lofe daga can suna buga hatiminsu. Ke nan suna ba ya shaidar asalin itace. Abin da yake iya shaidawa shi ne haƙurin shanya, domin ɗanyen itace na sa hayaƙi ɗaci, ga nauyi a haƙori.

Inda maganar take shi ne huda. Lofe ramuka biyu ne da suka haɗu: babba na zuba taba, mai faɗin kamar milimita 20, da siriri na jan hayaƙi, milimita 3 zuwa 4. In siririn ya ɓullo daidai gindin babban, taba za ta ci har ƙasa ta zama farar toka. In ya ɓullo sama da ɗan kaɗan, sai ruwa ya taru a gindi, ragowar taba ta jiƙe, ka ji lofe na ƙugi kamar mai mura. In hanyar ta tsuke a mahaɗar itace da bakin roba, mai sha zai yi ta ja da ƙarfi, wuta ta haura, harshe ya ƙone. Nan ne kowane gida ke da ɗabi'arsa. Peterson na Dublin ya yi wa lofensa ɗan rami na tara ruwa tun shekarun 1890, da bakin da ke harba hayaƙi zuwa ganɗa maimakon harshe. Savinelli, wanda ya fara a Milan a 1876, yana sa ɗan tsinken itace mai laushi da ke tsotse danshi. Waɗannan abubuwa ne da ake aunawa, ba camfi ba.

Wani zai ce ai lofe biyu daga gida ɗaya, siffa ɗaya, sukan sha bamban. Haka ne, itace ba ƙarfe ba ne, kowane dunƙule da taurinsa. Amma wannan ya rage wa suna daraja ne kawai, bai soke aikin huda ba. Gidan da ke kula ya fi yawan dacewa, ko da ɗan kuskure na ratsowa. Wani kuma zai ce taba da mai sha su ne komai. Yana da hujja babba: danshin ganye, yadda aka danna shi da yatsa, saurin zuƙa, da baƙin gawayin da ke taruwa a bango bayan an daɗe ana sha, duk sun fi hatimi tasiri. Mai gaggawa zai ƙona harshensa ko da lofen sarki ne. Sai dai gwani ma ba zai gyara ramin da aka huda a karkace ba.

Tsadar da ta wuce nan kuɗin kyau ce: zanen jikin itace da ya miƙe sambal, rashin tabo, zoben azurfa. Ido ke morar su, hayaƙi bai san da zamansu ba. Kuma duk kyan huda, sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya cire dafinsa. Likitoci sun tabbatar shan lofe na jawo sankarar baki da maƙogwaro da huhu, na yumɓu ne ko na Dunhill.