Alkyabbar Sarkin Zamfara da Matsalar Mulufi

Kwanan baya wani tela a Gummi ya nuna mini alkyabbar da wasu ɗalibai suka ba shi ɗinki, domin wasan kwaikwayo a kan faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa, zamanin Sarkin Gobir Babari, cikin ƙarni na 18. Yadin roba ne mai sheƙi, an bi bakinsa da surfanin keke. Ta yi kyau, babu shakka, sai dai babu wani Sarkin Zamfara da ya taɓa yafa irinta, tun daga tsohon Birnin har zuwa zaman sarautar a Anka.

Alkyabbar sarakunan da ta mulufi ce, wato yadin ulu mai kauri, galibi ja, wanda ba a saƙa shi a ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma ke ɗauko shi daga Tarabulus ta Gadamas, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar da irin wannan haja a kasuwar Kano a 1851. A shekarar ce ma Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka, saboda haka duk wani ɗinki na zamanin Babari aikin allura ne da yatsa. Kalmomin kansu baƙi ne: alkyabba Larabci ce, haka ma lifidi, ko da yake Bahaushe ya mayar da shi nasa da ya cusa masa audugar rimi.

Telan ya ce mini ulu tsada gare shi, ga zafi, kuma ɗinkin hannu zai ci masa makonni. Gaskiyarsa ce. Amma nauyin mulufi shi ke sa alkyabba ta zauna a kafaɗa, ta hana mai ita gaggawa. Da aka gwada wa yaron da zai fito a matsayin sarki, sai iska ta riƙa kaɗa ta kamar labule, shi kuwa yana tafiya kamar an aike shi kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne rigar ciki, wadda ba sai an ƙetare Sahara ba. Saƙi da tsamiya namu ne, aska takwas ma aikinmu ne, amma shadda aka saya.

Tun 2010 duniya ta san Anka da Bukkuyum da gubar dalma, daga baya da 'yan bindiga. Yaran nan suna son nuna wata Zamfarar daban, kuma abin da suka gani a dandali shi 'yan kallo za su ɗauka tarihi. Na roƙi telan ya nemi izinin fadar Anka ya auna tsohuwar alkyabba ko da guda ɗaya ce, ya ga yadda aka haɗa hularta. Ya ce zai je, in hanya ta yi kyau.