Daga Kademi Zuwa Asibitocin Waje: Shingayen da ke Gaban Nas

A Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, idan yarinya ta gama makarantar jinya, dangi kan ce sun yi nas a gida. Amma hirar ɗaliban jinya a Kano yanzu ta karkata ga Ingila, Saudiyya da Amurka. A farkon 2024 magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 15,000 sun bar ƙasar a 2023 kaɗai.

Lasisin gida shi ne tushe, domin babu ƙasar da za ta karɓe ki sai wannan hukuma ta tabbatar mata da shi. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idar sai an yi aikin shekara biyu kafin a nemi tantancewar, abin da ya jawo zanga-zangar nas-nas a Abuja da Legas.

Inda aka fi shan wuya shi ne Turanci. Hukumar jinya ta Birtaniya na neman maki 7 a jarrabawar IELTS wajen karatu, sauraro da magana, sai 6.5 a rubutu. Akwai kuma OET, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya: za a zaunar da ke gaban wani ya yi kamar maras lafiya, ki lallashe shi, ki yi masa bayanin magani, sannan a ba ki bayanan majinyaci ki rubuta wasiƙar tura shi wani asibiti cikin minti 45. Wadda ta yi sakandaren gwamnati a karkara, ta iya ɗaurin ruwa da karɓar haihuwa sarai, tana iya faɗuwa a nan, kuma kowane zama sabon kuɗi ne. Bayan wannan sai jarrabawar kwamfuta a gida, sai ta aiki da hannu can Ingila. Masu neman gajeriyar hanya su tuna 2023, lokacin da hukumar jinya ta Birtaniya ta soke sakamakon wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan bisa zargin maguɗi, har waɗanda suka rubuta da guminsu sai da suka sake.

Saudiyya na tantance takardu ta kamfanin DataFlow, ta kuma yi tata jarrabawar. Amurka na da jarrabawar NCLEX. Mai son aikin sa kai kuwa akwai shirin TAC da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, mai tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan na shekara biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, daga 2012 zuwa 2020 Birtaniya ce ta ɗauki nauyin shirin Women for Health, wanda ya shirya 'yan matan karkarar Kano, Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe shiga makarantun jinya don su koma su yi wa garuruwansu aiki. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa bai kamata a riƙa zawarcin ma'aikatansu ba, amma wanda ya nema da kansa ƙofa a buɗe take. Ban ga laifin mai tafiya ba. Sai dai mai naƙuda a Kademi da tsakar dare nas take bukata wadda za ta ce mata "sannu, Yaya, yunƙura," kuma ba dokar shekara biyu ce za ta zaunar da nas ɗin ba. Albashi kan kari ne, da gidan kwana kusa da asibiti, da wutar da za ta ga jijiya.