Tsatsar da ke Ƙarƙashin Kujera

Duk wanda ya taɓa zama a garejin makanikai a Maraɗi ya ga yadda mai tsohuwar mota yakan zo da ita a sāke mata fenti, a ɗinka wa kujerunta sabuwar fata, ya biya ya tafi yana murna, alhali kuwa ƙarfen da ke ɗauke da kujerar, wanda shi ne ƙashin bayanta, babu wanda ya leƙa shi tun ranar da ta baro masana'anta. Wannan gafala ta fi muni ga motoci masu rufin tamfol da ake naɗewa, irin Peugeot 404 da 504 masu ƙofa biyu waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinsu, ta farkon a farkon shekarun 1960, ta biyun a 1969. Irinsu ba su da yawa a ƙasarmu, amma 'yan'uwansu, wato tsofaffin Land Rover da akori-kura, hukuncinsu ɗaya ne.

Mutum zai ce, ina tsatsa za ta sami ƙarfe a ƙasar da ruwa bai fi wata huɗu ba? Alal haƙiƙa, ƙura da damina su ne suka haɗa kai. Lokacin hunturu ƙura takan shige cikin bututun ƙarfen kujera da ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa ta daskare, sa'an nan idan ruwa ya sauka, Gulbin Maraɗi ya kawo, tamfol ya fara yoyo ta ɗinkinsa, sai wannan ƙura ta sha ta riƙe danshi kwana da kwanaki, soson kujera ma ya taya ta; ƙarfe kuwa, muddin ya haɗu da ruwa da iska, dole ya ci kansa. Motar da ta saba ɗauko takin zamani zuwa gonakin noman rani na Jiratawa ta fi saurin lalacewa, domin takin yana da gishiri-gishiri mai gaggauta aikin. Illar tsatsa kuma ita ce ba ta rufe ƙarfe ta kare shi, sai dai ta kumbura ta ɓarɓashe, ta buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa.

Gyara na gaskiya yana farawa da kwance kujerar a fitar da ita daga mota, a tuɓe fata da soso da sifirin har ƙarfe ya tsaya tsirara, saboda soso abokin wuta ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Daga nan a kankare da burushin waya da magagari, a bi kowane lungu da bakin sukudireba ana tsokana: inda ya yi ƙara mai tauri, lafiya, inda ya lotsa ko ya huje, wannan wuri ya mutu, magani ɗaya gare shi, a yanke. Kafin a sa zarto sai a auna tsawo da faɗi da tazarar ramukan noti a rubuta, gama ƙarfe idan ya ji wuta yakan karkace, kujerar da ta karkace da ɗan yatsa ɗaya kuwa ba za ta ƙara gudu bisa layinta ba.

A nan ne ake gane gwani. Bututun kujera siriri ne, mai walda da ya saba da ƙofofi da gadaje, idan ya zo masa da wuta mai ƙarfi da sanda mai kauri, sai ya ƙone shi ya bar rami ya shiga cikawa da narkakken ƙarfe, abin ya yi tudu kamar miki. Mai hankali yakan nemo bututu mai kauri daidai da na asali, ya zura ɗan guntu a ciki ya zama majingina, ya ɗiga walda nan, ya koma can ya ɗiga, yana barin ƙarfen ya huce. In bututun mai farin shafe ne irin na famfo, a kankare shafen tukuna a yi aikin a sarari, don hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Malamanmu da suka karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid sun sha nanata haramcin algus da ɓoye aibi a cikin ciniki, ni kuwa ban san misalin da ya fi wannan bayyana ba: a shafe ruɓaɓɓen ƙarfe da baƙin fenti, a lulluɓe shi da fata mai sheƙi, a sayar wa bawan Allah wanda ba zai san abin da ya saya ba sai ranar da ya taka birki da ƙarfi a hanyar Tibiri, bayan kujera ya karye da shi.

Bayan walda sai a shafa maganin da ke kashe ragowar tsatsa, a bi da jan fenti na fari, sa'an nan na gama, a zuba ɗan mai cikin bututun, a sa giris a layin. Kada a mayar da kujerar sai an ɗaga shimfiɗa an duba ƙasan motar inda notuna huɗu suke kamawa, domin sau da yawa can ne ruwan ya fi daɗewa yana kwance.