AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ɗaukar Yaron Shago, Ɗan'uwa Ko Bare?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke sayen hatsi a ƙauyukan Giwa yana kaiwa kasuwar Dawanau. Ya ce harka ta buɗe har ya kama rumfa ta biyu, ga shi kuwa hannu biyu ne gare shi. Yana tambaya, shin ya ɗauko ɗan ƙanensa ne, ko ya nemi bare?

To Malam, Allah Ya ƙara buɗi. Kafin mu zo kan wanda za ka ɗauka, sai ka zauna ka duba wane aiki ne yake cin lokacinka. In awo ne da ɗinkin buhu da lodi, wannan aikin kaka ne, 'yan dako da 'yan jinga sun ishe ka, ka biya su a kan buhu. Albashi kuwa ba ya jira, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba. Amma in tsaron rumfa ne da riƙon kuɗi ranar da ka tafi cin kasuwar ƙauye, to lalle kana bukatar tsayayyen mutum wanda ya iya lissafi da rubutu, ko boko ko ajami.

Sai maganar lada, kuma nan ne yawancinmu muke jin nauyin baki. Al'adarmu ita ce yaro ya zauna da ubangidansa, a ci da shi, a yi masa sutura, wata rana a yi masa aure, a ba shi jari a sallame shi. Al'ada ce mai kyau, ta tsayar da 'yan kasuwa da yawa da ƙafafunsu. Inda take ɓaci shi ne ba a faɗin yaushe, ba a faɗin nawa. Yaro yana lissafin shekara 4 a ransa, maigida yana lissafin 7. Daga shekara ta biyar sai yaro ya fara ganin an ci masa gumi, sai ya fara biyan kansa da kansa daga aljihun rumfa. Shi ba ya kiran wannan sata, ka ji matsalar. Malamanmu ma sun ce a babin ijara sai an san aikin, an san ladan. Saboda haka ka yanka masa tun ranar farko: albashin wata ne, ko kamasho a kan kowane buhu, ko sallama bayan shekara kaza da jari kaza. A rubuta, a gaban shaidu biyu da wanda ya tsaya masa.

Doka ma tana da abin cewa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3 da farawa. In za a rabu, wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba ana ba shi sanarwar mako guda, wanda ya kai shekara 5 kuwa wata guda. Mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma fa kada wannan ya sa ka ba yaro abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba, alhali makullin rumfarka yana hannunsa.

To ɗan ƙanen naka fa? Ka tambayi kanka, in ya yi ɓarna za ka iya sallamarsa ba tare da zumunci ya lalace ba? In amsar a'a ce, ka taimake shi ta wata hanyar, ka nemi bare wanda mai unguwa ko liman ya san asalinsa. In kuma shi ɗin za ka ɗauka, takardar nan ta fi zama dole, kuma mahaifinsa ya zauna a wurin ya ji da kunnensa.

Ko wanne ne dai, ka gwada shi wata 3 da buhu kaɗan tukuna. Ka saya masa littafi, kowace yamma ku ƙirga buhu ku ƙirga kuɗi tare. Masu biya ta waya kuma su tura asusunka, kada ka yarda su tura na yaro ko sau ɗaya.

Mai sauraronmu na Giwa, da fatan ka gamsu. Mu kwana nan.