Dolores O'Riordan: Muryar da Ta Taso daga Ƙauyen Limarik

Yau shirin namu zai kai mu ƙasar Ayalan, wani ƙauye mai suna Ballybricken a gundumar Limarik. A nan aka haifi Dolores O'Riordan ranar 6 ga Satumba, 1971, ita ce auta a gidan talakawa mabiya ɗarikar Katolika. Tun kafin a haife ta mahaifinta ya yi haɗarin babur wanda ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, don haka nauyin gida ya koma kan mahaifiyar. A coci yarinyar ta fara rera waƙa.

A 1990 wasu samari uku na Limarik, wato Noel Hogan da ƙaninsa Mike, da mai ganga Fergal Lawler, suna neman wanda zai riƙa yi musu waƙa. Dolores ta je gwaji, suka ba ta kaset na kiɗa zalla. Ba a jima ba ta dawo da baitocin da suka zama waƙar Linger. Haka ƙungiyar The Cranberries ta tsaya da ƙafafunta. Abin mamaki, a farkon lamari kunya ce da ita, har takan kau da kai daga 'yan kallo in tana waƙa.

Kundinsu na farko ya fito a 1993. A gida bai yi wani tasiri ba, sai da tashar MTV ta Amurka ta riƙa sa Linger, sannan kasuwa ta buɗe.

To amma bari mu ɗan tsaya a kan waƙar da ta fi kowace fito da ita. Ranar 20 ga Maris, 1993, ƙungiyar IRA, mai fafutukar raba Ayalan ta Arewa da Birtaniya, ta tayar da bama-bamai a garin Warrington na Ingila. Yara biyu suka rasu: Johnathan Ball ɗan shekara 3, da Tim Parry ɗan shekara 12. Masu dasa bam ɗin suna iƙirarin don mutanen Ayalan suke yi. Dolores, 'yar Ayalan gaba da baya, ta ɗauki jita ta tsara Zombie don ta nuna ba da yawunta ba. Waɗanda suka saba jin muryarta mai laushi sai suka ji ta da amo mai kaushi, tana karya murya irin ta matan ƙasarta in suna kukan makoki. Ba ta kuma goge lafazinta na Limarik don ta burge Amurkawa ba, kuma a ganina nan ne ƙarfin waƙar yake. Wasu sun zarge ta da cewa ba ta fahimci zurfin rikicin ba. Ba ta janye ba. Waƙar ta fito a Satumban 1994, makonni kaɗan bayan IRA ta sanar da tsagaita wuta. A 2020 bidiyonta ya haura kallo biliyan ɗaya a YouTube.

Suna bai zo mata da kwanciyar hankali ba. Ta yi aure a 1994, ta haifi 'ya'ya uku, auren ya mutu a 2014. Da bakinta ta bayyana cewa an ci zarafinta tana ƙarama, kuma tana fama da larurar taɓin hankali mai sauya yanayin mutum. Ƙungiyar The Cranberries ta dakata a 2003, ita kuma ta fitar da kundi biyu nata na kanta, kafin su sake haɗewa a 2009.

Ranar 15 ga Janairu, 2018, aka tsinci gawarta a wani otal a Landan, tana da shekara 46. Binciken kotu ya ce tsautsayi ne: ta nutse a bahon wanka bayan ta sha giya da yawa. Abokan aikinta uku suka tattara muryar da ta riga ta naɗa, suka ƙarasa kundin In the End a 2019, suka kuma ce ba za su ɗauko wata mawaƙiya ta maye gurbinta ba.

Ku gyara zama, ga Zombie nan tafe.